Kwafar Halitta Don Magani da Gyaran Ƙwayoyin Gado: Yiwuwarsu da Hukuncinsu a Mahangar Cutar Amosanin Jini

Gabatarwa

A Minanata, kamar sauran unguwannin birnin Sakkwato, akwai gidajen da ke fargabar shigowar hunturu, domin sanyi na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Iyayen irin waɗannan yara sun san hanyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Asibitin Ƙwararru cikin tsakar dare, sun san neman jini, sun kuma san kukan yaron da ƙasusuwansa ke masa zugi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2006 ya nuna cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a Nijeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadonta. Ba mamaki wasu daga cikin matan da a da ake cewa suna wabi, wannan cuta ce take ɗauke musu 'ya'ya.

A 'yan shekarun nan labari ya bazu cewa an gano maganin cutar ta hanyar "canza halitta", tambaya kuma ta fara isowa zaurukan malamai: shin ya halatta? Amsar tana da wuya ne saboda mai tambaya, wani lokaci har da mai amsawa, kan cakuɗa ayyuka uku mabambanta a ƙarƙashin suna guda. Akwai kwafar mutum domin a haife shi, akwai kwafar ɗan tayi domin a ciri magani daga jikinsa, akwai kuma gyaran ƙwayoyin gadon majiyyaci ba tare da an kwafi komai ba. Wannan maƙala ta fi mayar da hankali ga na biyun, wanda malaman Larabawa ke kira al-istinsakhul ilaji, saboda a kansa ne hujjar tausayi da hujjar hani suka fi yin karo.

Yadda aikin yake

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani ƙwallo, wanda Larabawa suka kira nawatu saboda kamarsa da ƙwallon dabino, kuma a cikinsa ne ake ajiye ƙwayoyin gado a kan sanduna 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Amosanin jini ya samo asali ne daga sauyin harafi ɗaya tak a ƙwayar gadon da ke kan sanda ta 11, wadda ke ba da umarnin ƙera sinadarin himogulobin mai ɗaukar iskar numfashi a cikin jini. Wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya shi ne AS, wanda ya gaje shi daga iyaye biyu shi ne SS, kuma jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi.

Masana'antar jini tana cikin ɓargo, inda ake da ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin da ba su riga sun zaɓi aiki ba, waɗanda daga gare su sauran ke fitowa. Saboda haka ne dashen ɓargo ke warkar da cutar. An fara yin sa a Nijeriya a shekarar 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ƙarƙashin jagorancin Dakta Nosakhare Bazuaye, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya bi sahu a 2024. Matsalarsa ita ce sai an sami mai bayarwa wanda jikinsa ya dace da na majiyyaci, galibi shaƙiƙi, kuma damar dacewar kowane shaƙiƙi ɗaya ce cikin huɗu. In ba a dace ba, jiki ya ƙi baƙon ɓargo, ko kuma baƙon ya juya ya yaƙi jikin.

Wannan giɓi ne kwafa don magani ta yi alkawarin cikewa. Za a ɗauki ƙwan haihuwa na mace a zare ƙwallonsa, a ɗauki ƙwayar fatar majiyyaci a zare nata ƙwallon a sa a cikin ƙwan, sannan a zaburar da shi da lantarki ko sinadari har ya fara rarrabuwa tamkar an yi masa baye. Bayan kwana biyar ko shida ya zama curi mai ƙwayoyi ɗari ko fiye. A nan hanya ta rabu biyu: in aka dasa curin a mahaifa, an nufi haihuwa ke nan, in aka fasa shi aka kwashi ƙwayoyin tushen da ke cikinsa, an nufi magani. Ƙwayoyin da aka samu suna ɗauke da gadon majiyyacin kansa, don haka ana sa ran jikinsa ba zai ƙi su ba.

Sai dai akwai abin da masu yaɗa labarin kan manta. Kwafin mai SS shi ma SS ne. Kwafa kaɗai ba ta cire cutar gado, sai an haɗa ta da gyaran harafin da ya ɓaci kafin a mayar da ƙwayoyin jiki. Nan ne ilmin sarrafa ƙwayoyin gado ya shigo cikin maganar.

Daga Dolly zuwa yau

An haifi tunkiyar nan Dolly a Cibiyar Roslin ta ƙasar Sikotilan a watan Yulin 1996, aka sanar da duniya a Fabrairun 1997, bayan gwaji 277 da ɗaya kawai ya kai ga haihuwa. A 2002 masu bincike a ɗakin gwajin Rudolf Jaenisch a Amurka suka haɗa kwafa da gyaran gado suka rage wa ɓera wata cutar raunin garkuwar jiki, abin da ya nuna cewa dabarar tana iya aiki a dabba. A kan ɗan Adam kuwa abin ya daɗe yana gagara. A 2004 da 2005 Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya yi iƙirarin nasara, amma binciken Jami'ar Ƙasa ta Seoul ya tabbatar a farkon 2006 cewa ƙirƙirar sakamakon aka yi, bayan an yi amfani da ƙwai fiye da 2,000 da aka karɓa daga mata, cikinsu har da ƙananan ma'aikatan ɗakin gwajinsa. Sai a 2013 ne ayarin Shoukhrat Mitalipov a jihar Oregon ta Amurka ya samar da ƙwayoyin tushe na gaskiya daga kwafin ɗan tayin mutum, wasu kuma suka maimaita aikin a 2014 da ƙwayoyin manya.

Ke nan samar da ƙwayoyin ya yiwu. Mayar da su magani kuwa wani tsauni ne daban, kuma babu wani magani da hukumomin lafiya suka amince da shi wanda ya fito ta wannan hanya. Kowane majiyyaci yana buƙatar nasa kwafin, kowane kwafi yana buƙatar ƙwai daga mata masu ƙuruciya, samun ƙwan kuma sai da allurai masu tayar da kwan mace da ƙaramar tiyata, waɗanda ba su rasa haɗari. Ƙwayoyin tushe na ɗan tayi suna iya rikiɗa su zama ƙari in ba a sarrafa su daidai ba. Juya su su zama ɓargo mai ɗorewa a jiki ya daɗe yana ba masana wahala, kuma ci gaban da aka samu a kai a ɓeraye aka same shi.

Abin da ya fi rage wa kwafa kasuwa shi ne binciken Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan. A 2006 ya nuna a ɓeraye, sannan a 2007 a mutane, cewa ana iya mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar tushe ta hanyar sa mata ƙwayoyin gado huɗu kawai, ba ƙwai, ba ɗan tayi. A cikin shekarar 2007 ɗin aka yi amfani da dabararsa aka warkar da ɓeraye masu amosanin jini, Ian Wilmut kuma, wanda ya jagoranci aikin Dolly, ya sanar da barin kwafar ɗan tayin mutum ya koma ga sabuwar hanyar. Wannan tarihi yana da nauyi a fiƙihu, kamar yadda za a gani.

Matsayin curin da bai shiga mahaifa ba

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na goma a Jidda cikin watan Safar 1418 (1997), ta haramta kwafar ɗan Adam ta kowace hanyar da za ta kai ga haihuwa, ta hana shigar da wani na uku cikin alaƙar ma'aurata ko da mahaifa ko ƙwai ko maniyyi ko ƙwayar jiki, ta kuma halatta kwafa da sarrafa gado a tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu bisa ƙa'idojin shari'a. Hujjar a fili take: yaron da aka kwafa ba a san matsayinsa a nasaba da gado da muharramaka ba. Wannan ɓangare ba ya buƙatar dogon bayani.

Kwafa don magani ba ta haifar da yaro, don haka hujjar nasaba ba ta kama ta kai tsaye. Tambayar ita ce: mene ne wannan curi mai kwana biyar a idon shari'a?

Alƙur'ani ya ambaci matakan halittar ɗan tayi a Suratul Hajji aya ta 5 da Suratul Muminuna aya ta 12 zuwa 14. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, shi ne jumhur suka fahimci busa rai bayan kwana 120 daga gare shi, yayin da wasu suka dogara da hadisin Huzaifa ɗan Asid a Sahihu Muslim suka kusanto da lokacin zuwa bayan kwana arba'in da 'yan kai. A kan kowace fahimta, curi mai kwana biyar ba a busa masa rai ba, fasa shi kuma ba kisan kai ba ne. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan da kyau, saboda ana yawan jin masu wa'azi suna aro hujjar da ke cewa mutum cikakke yana samuwa tun daga haɗuwar ƙwai da maniyyi, alhali wannan matsayin Cocin Katolika ne, ba shi ne abin da fuƙaha'u suka tafi a kai ba.

Amma rashin rai ba ya nufin rashin alfarma, kuma a nan mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta wannan ƙasa, ta fi sauran tsanantawa. Abin dogaro a mazhabar, kamar yadda Shaihu Dardir ya bayyana a sharhinsa ga Mukhtasar na Halil, shi ne bai halatta a fitar da maniyyin da ya tabbata a mahaifa ba ko da kafin kwana arba'in ne, kodayake Lakhmi ya sauƙaƙa kafin arba'in. Imamu Gazali, daga Shafi'awa, shi ma ya ɗauki ɓata maniyyin da ya gauraya a mahaifa ya shirya karɓar rayuwa a matsayin laifi, wanda ke ƙara muni gwargwadon girman ɗan tayin.

Abin lura shi ne dukkan waɗannan maganganu sun rataya hukuncin ne ga mahaifa. Curin kwafa kuwa bai taɓa shiga mahaifa ba, ba kuma daga maniyyi aka same shi ba. Mai son halattawa zai ce illar hukuncin ba ta samu ba, tun da abin da ke cikin kwalbar gwaji ba zai taɓa zama mutum da kansa ba sai an dasa shi. Mai hanawa zai ce magabata sun ambaci mahaifa ne domin a zamaninsu babu inda asalin mutum ke samuwa sai can, illar kuwa ita ce shirin zama mutum, kuma Dolly ta tabbatar da cewa curin kwafa yana da wannan shiri. Hujja ta biyun ta fi dacewa da ruhin mazhabar Malikiyya, amma adalci shi ne a yarda cewa ƙiyasi ne ake yi a kan abin da babu nassi a kansa, ba a yi wa mai saɓani kallon wanda ya yi watsi da addini ba. Ƙasar Iran, alal misali, ta ba da damar binciken ƙwayoyin tushe na ɗan tayi, Cibiyar Royan ta Tehran kuma ta kwafi tunkiya a 2006. Ko a Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashen Musulmi ba su yi magana da murya ɗaya ba lokacin da aka amince da sanarwar hana kwafar ɗan Adam a watan Maris na 2005 da ƙuri'a 84, aka ƙi da 34, ƙasashe 37 suka ƙaurace.

Ƙudurin Makka da hujjar larura

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 17 a Makka cikin Shawwal 1424 (Disambar 2003), ta halatta samo ƙwayoyin tushe don magani ko bincike daga jikin baligi da izininsa, da yaro da izinin waliyyinsa in babu cutarwa, da mabiyiya da igiyar cibiya, da cikin da ya ɓare da kansa ko aka zubar bisa uzurin shari'a, da rarar ƙwan da aka haɗa wa ma'aurata a kwalba in sun bayar. Ta haramta samo su daga cikin da aka zubar da gangan ba uzuri, da haɗa ƙwai da maniyyin masu ba da gudummawa da gangan, da kuma kwafa don magani.

Wani zai iya ganin tufka da warwara a nan: me ya sa aka halatta fasa rarar ƙwan ma'aurata, wanda ɗan tayi ne na haƙiƙa, aka hana fasa curin kwafa? Bambancin yana ga niyya da asali. Rarar ƙwai an samar da shi ne don neman haihuwa ta halal, ya ragu, kuma makomarsa mutuwa ce ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Curin kwafa kuwa tun farko an samar da shi ne domin a fasa shi, wato an mayar da asalin ɗan Adam kayan aiki, abin da bai dace da karramawar da Suratul Isra'i aya ta 70 ta tabbatar ba. Sannan akwai toshe kafar ɓarna, ƙa'idar da Malikiyya suka shahara da ita: tsakanin kwafa don magani da kwafa don haihuwa babu komai sai dasawa a mahaifa, kuma tun da aka kwafi birai a birnin Shanghai aka sanar a 2018, wannan tsoro ya daina zama na tatsuniya. Ga kuma cutar da mai ba da ƙwai, wadda a ƙasa mai talauci za ta kasance 'yar talaka ce da kuɗi suka ja.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan hani ita ce larura tana halatta abin da aka hana, kuma kiyaye rai na gaba da kiyaye alfarmar curin da ba shi da rai. A 2003, lokacin da aka yanke ƙudurin, hujjar tana da ƙarfi ƙwarai, saboda ba a san wata hanyar samun ƙwayoyin tushe masu dacewa da majiyyaci ba. Amma malaman usulu sun shardanta wa larura cewa ta zama tabbatacciya, abin da aka hana ya zama shi kaɗai ne mafita, amfaninsa kuma ya zama an tabbatar ko ya rinjaya a zato. Kwafa ta faɗi a sharaɗi na biyu tun 2007, ba ta kuma taɓa cika na uku ba. Ci gaban kimiyyar ne da kansa ya ƙarfafa fatawar bayan shekara huɗu da fitarta. Wannan kuma yana nufin cewa ɓangaren hukuncin da aka gina a kan rashin larura zai iya buƙatar sabon nazari in wata rana aka sami cutar da ba ta da magani sai ta wannan hanya.

Gyara ba tare da kwafa ba

Maganin da labarinsa ya iso Sakkwato ba shi da alaƙa da kwafa. Sunansa Casgevy, an gina shi ne a kan fasahar CRISPR da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012, wadda ke yanka zaren gado a daidai wurin da ake so. Birtaniya ta amince da shi a Nuwambar 2023, Bahrain da Amurka a Disamba, Saudiyya a Janairun 2024. Ana ciro ƙwayoyin tushe daga jinin majiyyaci, a kashe makunnin da ke dakatar da himogulobin irin na jarirai bayan haihuwa, sannan a mayar masa da su. Daga cikin majiyyata 31 da hukumar magunguna ta Amurka ta auna sakamakonsu, 29 sun yi shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwon ba.

Shin wannan ya shiga canza halittar Allah da Suratun Nisa'i aya ta 119 ta danganta ga umarnin Shaiɗan? Imamu Ɗabari ya rinjayar da cewa abin nufi a ayar shi ne canza addinin Allah, waɗanda suka fassara ta da taɓa jiki kuma sun bambanta tsakanin neman ƙarin ƙawa da kawar da aibi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Arfaja ɗan As'ad da ya sa hancin zinariya bayan an yanke nasa. Majalisar Rabiɗa ta halatta amfani da sarrafa gado wajen rigakafi da magani tun zamanta na 15 a 1419 (1998), da sharaɗin kada a haifar da cutar da ta fi wadda ake gudu. Gyaran yana tsayawa ne a jikin majiyyaci, ba ya wucewa ga zuriyarsa. Wanda aka warkar zai ci gaba da gadar wa 'ya'yansa harafin S, don haka gwajin jini kafin aure bai faɗi a kansa ba. Taɓa gadon ɗan tayi domin gyaran ya bi zuriya wani babi ne daban, wanda He Jiankui na ƙasar Sin ya kutsa cikinsa a 2018 ya ƙare da ɗaurin shekara uku.

Neman magani ba baƙon abu ba ne a karatun Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan tibbu, cikinsu har da Al-Mawaridun Nabawiyya fil Masa'iliɗ Ɗibbiyya. Tambayoyin da wannan magani ke jawowa na wani fanni ne. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ƙone tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi irin na sankara, wanda kan jawo rashin haihuwa, ga shi kuma adana maniyyi ko ƙwai kafin aure mas'ala ce mai nata sharuɗɗan. Waliyyin yarinya 'yar shekara 12 yana da ikon amincewa a madadinta da abin da zai iya hana ta haihuwa? Sannan farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Wanda ya nemi fatawa a kan sayar da gidan da marayu ke ciki, ko karkatar da zakka mai yawa ga majiyyaci guda, ya kamata a sanar da shi cewa akwai haidiroksiyuriya, magani mai araha da binciken da aka gudanar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ya nuna amfaninsa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Jihar Kano kuma ta wajabta gwajin lafiya kafin aure da dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a watan Mayun 2024, shekara 20 bayan Saudiyya ta yi haka.

Akwai wani ƙulli a dokar Nijeriya da ya cancanci kulawar malamai da lauyoyi. Sashe na 50 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta kwafar ɗan Adam, ta haihuwa da ta magani, tare da ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba kuma babu zaɓin tara. A wannan ya yi daidai da ƙudurin Jidda da na Makka. Amma lafazinsa ya hana sarrafa kowane irin sinadarin gado, ba tare da ya bambanta na ɗan tayi da na ɓargon majiyyaci ba. In aka ɗauki zahirin lafazin, likitan da ya gyara ƙwayoyin yaro mai SS a Sakkwato, aikin da majalisun fiƙihu suka halatta, zai iya samun kansa a gaban alƙali. Kafin irin wannan magani ya yi arahar da zai iso asibitocin ƙasar nan, sai Majalisar Tarayya ta fayyace ko hanin ya taƙaita ga ƙwai da maniyyi da ɗan tayi, kamar yadda taken sashen ke nunawa, ko ya game komai.